Wa Ya Riƙe wa Birnin Rum Rufinsa?

Duk wanda Allah ya nufa da zuwa birnin Rum na ƙasar Italiya, ko taro ya kai shi, ko karatu, ko kuma saro kaya ya je Milan ya ce bari ya leƙo, tsarin yawonsa kusan ɗaya ne da na kowa. Da safe a bi layin Kolosiyam a ɗauki hoto. Da hantsi a ratsa kufan Forum, rana na dukan ƙeya. Da yamma a je maɓuɓɓugar Trevi a jefa sulalla ta bayan kafaɗa, a sha askirim, a koma masauki da kumburarriyar ƙafa. Majami'u kuwa, waɗanda birnin ke da sama da 900, sai dai a wuce ta ƙofarsu. Mai gaggawa ya ce ba lokaci. Musulmi ya ce me zai kai ni. Kirista ma sau da yawa cocin Waliyyi Bitrus na Vatikan kaɗai yake shiga, ya ce ya gama.

A ganina an yi wa wannan yawo juyin waina. Wanda yake son ganin tsohuwar Rum a tsaye, da rufinta da ƙofofinta da daɓenta, ba a kufai zai same ta ba. A cikin coci zai same ta. Kuma dalilin da ya sa haka ya fi duk hotunan da za a ɗauka a gaban Kolosiyam amfani ga mai tunani.

Mu fara da Kolosiyam ɗin, tunda shi ne sarkin kallo. Sarki Vespasian ya fara gina shi wajen shekara ta 70 miladiyya, da ganimar da Rumawa suka kwaso bayan sun ci birnin Ƙudus, ɗansa Titus ya buɗe shi a shekara ta 80 da wasannin kwana 100. Yana ɗaukar 'yan kallo kimanin 50,000, tsawonsa ya kai mita 48. A cikinsa aka riƙa haɗa mutum da mutum, da mutum da zaki ko damisa, yawancin namun dajin ma daga Afirka ta Arewa aka yo safararsu. Sama da mutum miliyan 12 suka ziyarci wannan yanki a 2023. Ba na cewa kada a je. Girman ginin kaɗai yana sa mutum ya yi shiru.

Amma in ka isa, matsa kusa da bangon ka duba da kyau. Za ka ga ramuka birjik a jikin duwatsun, daidai inda dutse ya haɗu da dutse. Baƙi da yawa suna ɗauka harsashin wani yaƙi ne. Ba shi ba ne. Magina na farko da ƙarfe suka ɗaure duwatsun, da zamani ya juya ƙarfe ya yi tsada, sai mutanen gari suka bi suna ƙwaƙule shi ɗaya bayan ɗaya. Wasan namun daji na ƙarshe da aka sani an yi shi a shekara ta 523. Daga nan ginin ya rasa mai shi. Talakawa suka zauna a rumfunansa, masu sana'a suka buɗe shaguna, a ƙarni na 12 wani gidan masu ƙarfi da ake kira Frangipani suka mai da shi sansani. Girgizar ƙasa ta 1349 ta kayar da bangon waje na ɓangaren kudu, duwatsun da suka zube kuma suka zama na mai rabo ka ɗauka. Shekaru ɗaruruwa amalanke na shiga yana fita, ana gina fadoji da majami'u da abin da aka kwasa. Rabin bangon da ka ga babu, ba iska ta cinye shi ba, yana nan a jikin wasu gine-ginen birnin. Kwasar ba ta tsaya ba sai a 1749, lokacin da Fafaroma Benedict na 14 ya ayyana wurin a matsayin mai alfarma don tunawa da Kiristocin farko, ya kafa gicciye a tsakiya. Wato shi ma Kolosiyam bai tsira ba sai da ya ɗan zama wurin ibada.

Tsallaka zuwa Forum, wato dandalin da ya kasance zuciyar daular: nan kotuna suke, nan majalisa, nan haikalin gumaka, nan kasuwa. Birnin da a zamanin ƙarfinsa ake ƙiyasta mazaunansa sun kai miliyan ɗaya ya ragu zuwa 'yan dubbai goma-goma bayan daular ta faɗi. A shekara ta 537 mayaƙan Goth da suka yi wa birnin ƙawanya suka datse hanyoyin da ke kawo ruwa daga tsaunuka, jama'a suka gangara bakin kogin Tiber, tsohuwar tsakiyar gari ta koma daji. Ƙasa ta taru a kan dandalin har ta binne gindin ginshiƙai, makiyaya suka mai da shi wurin kiwo da kasuwar shanu. Yau abin da ake gani a can galibi guntayen ginshiƙai ne da tushen bango, sai mai jagora ya yi ta nuni da hannu yana cewa a nan kaza yake a da.

To amma ɗaga kai ka ƙirga gine-ginen da ke da rufi. Ba su da yawa. Akwai zauren majalisar dattawa, Curia, dogon ginin jan bulo, lafiyarsa ƙalau. Me ya tsare shi? A shekara ta 630 Fafaroma Honorius na 1 ya mai da shi coci. Akwai haikalin da Sarki Antoninus ya gina wa matarsa Faustina a shekara ta 141, ginshiƙansa na nan tsaye reras, domin an gina cocin San Lorenzo in Miranda a cikin cikinsa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan gini ƙofar cocin ce. Tana can sama a jikin bango, babu matakala da ke kai wa gare ta, sai ka ce magini ya yi kuskure. Ba kuskure ba ne. Lokacin da aka yi ta, a farkon ƙarni na 17, a nan ƙasa take. Masu tonon tarihi ne suka kwashe ƙasar daga baya suka bar ƙofar a rataye. Wannan ƙofa ɗaya ta fi bayanin awa guda nuna maka zurfin da Rum ta nutse a cikin kanta.

Babbar hujjata ita ce Fantiyon. Tafiyar ƙafa ce kaɗan daga Forum, ta lunguna masu daɓen ƙananan baƙaƙen duwatsu da ke cin takalmi. Sarki Hadrian ya kammala shi wajen shekara ta 125, kodayake sunan Agrippa, wanda ya gina na farko a wurin, shi aka bari a goshin ginin. Ginshiƙai 16 ke riƙe da zauren shiga, kowanne dutse guda ne ba haɗi, tsawon kusan mita 12, an fafe su a Masar aka biyo da su ta Nilu da teku. Ka ratsa su, ka shige manyan ƙofofin tagulla, sai ƙubba ta buɗe a kanka. Faɗinta mita 43, tsawonta daga daɓe zuwa ƙololuwa ma haka. Kankare ce zalla, babu rodi ko ɗaya a ciki, kuma har yau ba a yi ƙubbar kankare marar rodi da ta fi ta girma ba. Dabarar maginan ita ce nauyi ya riƙa raguwa yayin da ake hawa: a gindi kauri ya wuce mita 6 da tsakuwa mai nauyi, a sama ya koma ɗan sama da mita 1 da dutsen aman wuta marar nauyi. A ƙololuwa suka bar kafa zagayayya mai faɗin kusan mita 9, ita ce tagar ginin kaɗai. Rana na shigowa ta nan ta zana faifan haske a bango, yana tafiya a hankali yadda yini ke tafiya. In ana ruwa, ruwan na sauka tsakiyar ɗakin, a kewaye wurin da igiya, ka tsaya ka ga yadda daɓen ya ɗan yi tudu a tsakiya, ruwan yana silalewa ta ƙananan ramukan da aka huda a marmara tun zamanin maguzawan Rum.

Shekara kusan 1,900 ke nan, gini bai faɗi ba. Ana yawan danganta wannan ga ingancin kankaren Rumawa, kuma gaskiya ne kankarensu na da kyau. Amma manyan gidajen wankan Sarki Caracalla ma da kankaren nan aka gina su, yau ba su da rufi. Bambancin shi ne a shekara ta 609 Sarki Phocas na Rum ta Gabas ya ba Fafaroma Boniface na 4 kyautar Fantiyon, aka fitar da gumaka, aka mai da shi coci. Daga ranar ginin ya samu mai shara, mai kulle ƙofa da dare, mai jin haushi in ya ga tsaga. A shekara ta 663 wani sarkin, Constans na 2, ya zo ya yaye fale-falen tagullar da ke rufe da ƙubbar ya yi gaba da su. Da kango ne da shi ke nan, ruwa ya samu hanya. Sai ga shi a ƙarni na gaba Fafaroma Gregory na 3 ya sa an sake rufe ta da darma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ginin da babu mai kwana ko mai ibada a cikinsa, babu wanda zai san yana yoyo sai ranar da ya rufta.

Kada a ɗauka addini ne sirrin. Amfani ne. Gidan wasan kwaikwayon Marcellus, wanda ya girmi Kolosiyam da kusan shekara 90, yana tsaye ne saboda wasu iyalai sun gina gidansu a kansa, kuma har yau akwai masu zama a benayen sama, da labule a tagoginsu. Kabarin Hadrian ya tsira saboda an mai da shi sansanin soja, shi ne Castel Sant'Angelo na yanzu. Sai dai a Rum cocin ne ya fi kowa daɗewa yana haya, shi ya sa yawancin abin da ya tsira a hannunsa yake. Daf da babbar tashar jirgin ƙasa ta Termini, inda kowane baƙo ke sauka, akwai wani bangon bulo da ba shi da kyan gani. Shiga ƙofarsa. Babban zauren gidan wankan Sarki Diocletian ne, wanda Michelangelo, yana tsoho ɗan shekara 86, ya mai da shi cocin Santa Maria degli Angeli bisa umarnin Fafaroma Pius na 4 a 1561. Ginshiƙan jan dutse takwas na asali suna inda Rumawa suka kafa su. Babu wani wuri a birnin da zai sa ka ji a jikinka yadda shiga gidan wankan daular yake kamar nan, kuma ba a biyan ko sisi.

Na san abin da masu ilimin tarihi za su ce, kuma suna da gaskiya: mai gadin nan shi ne kuma babban ɓarawon. Hannun da ya rufe Fantiyon da darma shi ne ya dawo a 1625, zamanin Fafaroma Urban na 8 ɗan gidan Barberini, ya ɓamɓare tagullar da ke riƙe da rufin zauren shiga aka narkar aka ƙera igwa. Mutanen gari sun yi masa zambo a lokacin, suna cewa ɓarnarsa ta fi ta mahara. A tsakiyar kufai an yi ta gina matoya ana ƙona mutum-mutumin marmara don a samu farar ƙasar gini. Mai zane Raphael, wanda kabarinsa ke cikin Fantiyon, ya rubuta wa Fafaroma Leo na 10 wasiƙa wajen 1519 yana kukan cewa sabuwar Rum da tokar tsohuwa ake gina ta. Fafaromomi ba su ma bar nasu ba. Tsohon cocin Bitrus da Sarki Constantine ya gina a ƙarni na 4, wanda ya haura shekara 1,100, Julius na 2 ya fara rushe shi a 1506 don a gina wanda muke gani yau, aikin da bai ƙare ba sai 1626.

Duk wannan ba ya rushe maganata, yana dai cire mata ado. Ba don son tarihi aka tsare abin da aka tsare ba. Abin da ake buƙata a tsaye an bar shi a tsaye, abin da ake buƙata a farfashe an farfasa shi. A cocin Santa Maria in Trastevere akwai ginshiƙai 22 da aka kwaso daga gidan wankan Caracalla da wasu kufai, wani ya fi wani kauri, kawunansu ma ba iri ɗaya ba. Sata ce? Wataƙila. Amma sun shafe kusan shekara 900 suna riƙe da rufi, yayin da 'yan'uwansu da aka bari a inda suke suka ƙare a matoya. In an ba ni zaɓi tsakanin ginshiƙin da aka sace yana aiki da wanda aka girmama ya zama toka, ba zan daɗe ina tunani ba.

Akwai kuma wani nau'in ɓarna da ake yi da sunan son tarihi, shi na fi tsoro. Faffaɗan titin da baƙi ke tsayawa a kai suna ɗaukar Kolosiyam daga nesa, Mussolini, mai mulkin Italiya na lokacin, shi ya buɗe shi a watan Oktoba na 1932. Yana son ya riƙa hango ginin daga fadarsa, sojojinsa su yi fareti tsakanin kufan daular da yake mafarkin farfaɗowa. Don a yi titin aka rushe unguwa mai ɗaruruwan shekaru, da gidajenta da ƙananan majami'unta, aka sassaƙe wani tudu, aka kwashe dubban talakawa zuwa matsugunai a bayan gari. A waɗancan shekarun ne aka ɓare cocin da ya tsare zauren majalisar dattawa shekara 1,300, don a mayar da ginin kamanninsa na zamanin Rumawa. Tunanin shi ne zamani ɗaya ne kawai ya cancanci a gani, duk abin da ya zo bayansa datti ne a share. Baƙon da ya bi layin Kolosiyam ya wuce coci bai sani ba, amma da idon Mussolini yake kallon Rum.

Maganin wannan ido yana nan kusa, tafiyar minti biyar daga Kolosiyam, a cocin San Clemente. A sama coci ne na farkon ƙarni na 12, daɓensa na ƙananan duwatsu masu launi, bangon gabansa na walƙiya da zanen zinariya na wata kurangar inabi da ta naɗe ko'ina, da tsuntsaye da makiyaya a tsakanin rassanta. Ka sayi tikiti a gefe, ka sauka matakala. Iska ta canza, ta yi sanyi, tana warin danshi. Kana cikin wani cocin ne kuma, na ƙarni na 4, wanda aka cike da ƙasa aka yi gini a kansa bayan mayaƙan Normawa sun ƙone unguwar a 1084. An manta da shi sarai har 1857, lokacin da wani fada ɗan ƙasar Ayalan, Joseph Mullooly, ya fara tona ƙarƙashin cocinsa. A bango akwai zanen wani mai mulki yana tsawata wa bayinsa su ja wani nauyi, an rubuta maganarsa a gefe har da ashar, kuma wannan ashar na cikin rubuce-rubuce mafi tsufa na harshen da ya zama Italiyanci.

Ka sake sauka. Yanzu kana cikin lungu na ƙarni na 1, kafaɗunka na kusan taɓa bango hagu da dama. A wani ɗaki mai ƙaramin rufi, da dakali a gefe biyu, akwai dutsen yanka da aka sassaƙa hoton Mithras yana soke bijimi, abin bautar da sojojin Rum suka fi so. Sai ka ji ƙarar ruwa. Ba famfo ba ne, ruwa ne ke gudu a ƙarƙashin birni, wanda ya taɓa cika wannan hawa har sai da aka haƙa masa hanya a farkon ƙarni na 20. Zamani uku, addini biyu, a fili ɗaya, kowanne ya hau kafaɗar na gabansa. Da Mussolini ya samu dama a nan, wanne zai bari?

Yanzu ga ɗan'uwana Musulmi da ke tsaye a bakin ƙofa yana jan ƙafa. Ni ba malami ba ne, kuma malamai sun yi saɓani game da shiga wurin ibadar da ke da hotuna da mutum-mutumi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, ba zan ja shi da ƙarfi ba. Abin da zan ce kawai shi ne wannan al'amari ba baƙo ba ne a tarihinmu. Masu tarihi sun ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ziyarci babban cocin Ƙudus, da lokacin salla ya yi ya fita ya yi ta a waje don kada na baya su ƙwace wurin da hujjar ya yi salla a ciki. Masallacin Banu Umayya na Dimashƙa yana zaune ne a inda coci yake, cocin kuma a inda haikalin gunki yake. Ayasofiya ta Istanbul, cocin da aka gama a shekara ta 537, ta zama masallaci a 1453, kuma maginin Daular Usmaniyya, Sinan, shi ya tokare ta da ƙarin bangaye don kada ta faɗi. A ɗaya ɓangaren, babban masallacin Kurɗuba ya tsira ne saboda an mai da shi coci a 1236. Kowane ɓangare na da ciwon da yake ji in an ambaci ɗaya daga cikin waɗannan, ban raina ciwon ba. Amma duk gine-ginen suna tsaye.

Ladabin shiga ba zai yi wa Bahaushe wuya ba. A rufe kafaɗa da gwiwa, a rage murya, namiji ya cire hula, kada a yi ta yawo ana ɗaukar hoto in ana tsakiyar ibada. Wanda ya je da babbar riga ko wadda ta je da mayafi ba su ne masu gadi ke tsayarwa a ƙofa ba, masu gajeren wando ne. Yawancin ƙananan majami'un suna rufewa da tsakar rana su buɗe da la'asar, sai a tsara yawo da wannan a rai. Mai neman wurin salla kuma, akwai babban masallaci a arewacin birnin, an buɗe shi a 1995, yana cikin mafi girma a Turai.

Ɗan Afirka ma yana da abin nema a titunan nan fiye da yadda yake zato. Dogayen duwatsun nan masu tsini da ke tsakiyar dandali-dandali, guda 13 ne na zamanin da, takwas daga ciki Fir'aunonin Masar suka sassaƙa su. Wanda ke gaban cocin Lateran, mai tsawon mita 32, an yi shi tun zamanin Fir'auna Thutmose na 3, aka kawo shi Rum a shekara ta 357, ya faɗi ya karye, Fafaroma Sixtus na 5 ya tono shi ya sake kafawa a 1588, ya ɗora masa gicciye a ka. Babbar ƙofar nasara da ke ƙarshen Forum ta Sarki Septimius Severus ce, haifaffen Leptis Magna a Libiya ta yau. Dogon dutsen Aksum da sojojin Mussolini suka kwaso daga Habasha a 1937 ne kaɗai ya koma gida, a 2005, cikin jirgin sama, gida uku.

Akwai wanda ya fi waɗannan kusa da mu. A 1518 'yan fashin teku suka kama wani jakada mutumin Fas, haifaffen Garnaɗa, mai suna Alhasan ɗan Muhammadu Alwazzan, suka kai shi kyauta ga Fafaroma Leo na 10. Aka tsare shi a Castel Sant'Angelo, kabarin Hadrian ɗin nan. A watan Janairu na 1520 aka yi masa baftisma a cocin Bitrus, Turawa suka san shi da Leo Africanus. A Rum ya rubuta littafinsa na bayanin Afirka, ya gama a 1526, aka buga a Venis a 1550. A cikinsa akwai Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir da Agadas. Masana na gardama ko ya taka ƙasar Hausa da ƙafarsa ko labari ya ji a Timbuktu, amma ta alƙalaminsa Turai ta yi shekaru ɗaruruwa tana sanin sunayen garuruwanmu. Bakano ko Bakatsine da ya hau wannan sansani yana kallon kogi, yana tsaye ne a gidan kason mutumin da ya fara kai sunan garinsa ɗakunan karatun Turai. Babu mai jagoran da zai gaya masa wannan in bai tambaya ba.

Abin da ke damuna shi ne sabon ɗan hayan da Rum ta samu, wato mu, 'yan yawon buɗe ido. Muna kawo kuɗi, ba a musu. Sulallan da ake jefawa a Trevi suna haura yuro miliyan ɗaya a shekara, ƙungiyar agaji ta Caritas ke karɓa tana ciyar da mabuƙata. Wani kamfanin takalma, Tod's, ya ba da yuro miliyan 25 aka wanke Kolosiyam. Amma baƙo ba mai ɗaki ba ne. Yana zuwa ya tafi, in annoba ta zo kamar a 2020 ya ɓace gaba ɗaya, wani lokacin ma ya zaro makulli ya kanta sunansa a bangon da ya shekara kusan 2,000, kamar yadda aka kama wani yana yi a 2023. Gidajen tsakiyar gari na komawa masaukin kwana biyu, masu unguwa na ƙaura bayan gari, wannan karon ba da umarnin kowa ba sai na kuɗin haya. Tun 2019 hukuma ta hana zama a kan matakalar Sifaniya, tara na farawa daga yuro 250. Birni ya fara tsare kansa daga masoyansa.

A cocin San Luigi dei Francesi akwai zane uku na Caravaggio kan rayuwar Waliyyi Matta, an yi su wajen 1600, suna rataye a lungun da aka yi su dominsa. Lungun duhu ne. A gefe akwai akwati, ka jefa sulalla fitila ta kama na ɗan lokaci. Jama'a su yi cincirindo suna jira wani ya jefa, haske ya zo, wayoyi su tashi sama, haske ya mutu, kowa ya kalli na kusa da shi. A bayansu, kujerun masu ibada kusan babu kowa sai tsofaffi biyu ko uku. Tsofaffin nan su ne ragowar mutanen da suka riƙe rufin Rum tun shekara ta 609, kuma ba a ga matasan da za su gaje su da yawa ba.

A watan Yuli na 2023 aka fara karɓar yuro 5 a ƙofar Fantiyon, kashi 70 cikin 100 na ma'aikatar al'adu don gyara da shara, kashi 30 na cocin Rum. Mazauna birnin da yara da masu zuwa ibada ba sa biya. Ban ga laifin kuɗin ba, darma ba ta gyara kanta. Abin da na fi so a tsarin shi ne wani sharaɗi da baƙi ke ƙorafi a kai: ranar Asabar da yamma da Lahadi da safe, in lokacin ibada ya yi, ana dakatar da masu kallo, komai tsawon layi, komai nisan ƙasar da mutum ya fito. Ni Musulmi ne, ba ibadata ake yi a ciki ba, kuma ni ma a waje zan tsaya. Duk da haka, in wata rana aka kawo shawarar a soke wannan sa'a don a ƙara sayar da tikiti, ina cikin waɗanda za su ce a'a.